Amsa: haddar waƙoƙi ko sharhi, wanne ɗalibin Urdu zai fara da shi?

Malam, ka tambaya ko ɗanka da ke karatu a Islamabad ya fara da haddar waƙoƙi, tunda jarrabawar Urdu ta aji 10 ta matso. Shawarata ita ce ya fara da sharhin baitoci, wanda suke kira tashrih, domin a takardar adabi akan kawo baiti daga gazal (wani nau'in waƙa a adabin Urdu), a nemi ɗalibi ya ambaci mawaƙin sannan ya fayyace ma'anar da nasa kalmomin, kuma wanda ya haddace baitin manyan mawaƙan Urdu irin su Mirza Galib ko Allama Iqbal ba tare da fahimtarsa ba, a nan yake cijewa.

Sai dai akwai sharaɗi guda da na gani a kan ɗalibai masu sanin Larabci: kada ɗalibi ya dogara da Larabcinsa wajen fassara. Urdu ya ari kalmomin Larabci da yawa amma ya sauya wa wasunsu ma'ana. Garib a Larabci baƙo ne, a Urdu kuwa talaka ake nufi. Saboda haka ya riƙa duba ma'anonin kalmomin da littafin ajinsa ya bayar kafin ya rubuta kowane sharhi.