Jirgi ya faɗi da yayana: mu jira rahoton bincike kafin mu nemi diyya?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Agege. Wata bakwai da suka wuce yayana ya rasu, shi da matuƙi, a haɗarin ƙaramin jirgin sama na wani attajiri da suke harka tare. Ya bar mata da 'ya'ya biyar. An ce mana doka ta yanke dala 100,000 a kan kowane mamaci, kuma rahoton hukumar bincike zai fito da mai laifi a tilasta masa biya. Yanzu wakilin mai jirgin ya kawo kuɗi da wata takarda yana so mu sa hannu. Mu karɓa ko mu jira rahoton?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan yayanka da rahama, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ban ga takardun ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda doka take a dunƙule, kuma yana iya sauyawa idan lauya ya duba abin da ke hannunku.

Zan fara da rahoton, domin a nan kuskuren ya fi girma. Hukumar NSIB mai binciken haɗurran jiragen sama, wadda ta gaji tsohuwar hukumar AIB a ƙarƙashin dokar 2022, ba kotu ba ce, kuma ba a kafa ta don ta nuna mai laifi ba. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ta ce manufar irin wannan bincike ita ce kauce wa sake aukuwar haɗarin, ba ɗora alhaki ba. Rahoton zai iya cewa mai ya ƙare, ko inji ya tsaya, ko matuƙi ya shiga hadari da bai kamata ya shiga ba, amma ba zai ce wane ya biya wane ba. Bugu da ƙari, dokokinmu na sufurin sama sun daɗe da hana a kafa hujja da abin da ke cikin rahoton don ɗora wa wani alhaki a kotu. Amfaninsa gare ku shi ne ya nuna wa lauyanku inda zai tona, sannan ya nemo shaidarsa da kansa.

Jiran kuma yana da haɗari. Ana fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuwa ana so ya fito cikin shekara guda, amma ba kullum hakan ke samuwa ba. Jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga a nan Legas ranar 3 ga Yuni, 2012, rahotonsa na ƙarshe bai fito ba sai 2017. Wa'adin shigar da ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan jigilar fasinja ta jirgin sama, wadda Najeriya ta shigar cikin dokarta, shekara biyu ne daga ranar da ya kamata jirgin ya sauka, kuma idan ya wuce, haƙƙin ya faɗi. Dokar Jihar Legas ta diyyar mutuwa a haɗari ta ba da shekara uku. Ni dai da gajeren zan yi lissafi, kuma wata bakwai sun riga sun tafi.

Batun dala 100,000 shi ma ba kamar yadda aka gaya muku yake ba. Adadin yana cikin dokar sufurin sama a kan tafiye-tafiyen cikin gida, tare da kafin alƙalami na aƙalla dala 30,000 da ake biya cikin kwana 30. Sai dai ba farashin rai ba ne da ake miƙa wa kowa kai tsaye. Iyaka ce da mai jigila ba zai iya kare kansa a ƙasa da ita da cewa bai yi sakaci ba, amma duk da haka sai magada sun nuna asarar da suka yi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, tsarin ya shafi wanda aka ɗauka da kuɗi ne, ko wanda kamfanin jigila ya ɗauka kyauta. Idan yayanka baƙo ne kawai a jirgin abokinsa, akwai yiwuwar wannan tanadi bai hau kansa ba, sai dai ku bi hanyar tabbatar da sakaci, na matuƙi ko na masu gyara ko na mai jirgin. Wannan hanya ta fi tsawo da tsada, balle ga shi ba kowane ƙaramin jirgi ke ɗauke da baƙin akwati, wato na'urar naɗar bayanan jirgi, ba.

Don haka tambayar da nake so ku fara amsawa ita ce: an biya kuɗin tafiyar ko ba a biya ba? Ku duba wayarsa da bayanan bankinsa. Izinin da hukumar NCAA mai kula da sufurin sama ke bai wa masu jirgin kansu bai halatta musu yin shata ba, har ma ta dakatar da izinin wasu a 2024 saboda saɓa ƙa'idojinsa. Idan ta tabbata shata aka yi, matsayinku na iya ƙarfafa ta wata fuskar, amma kamfanin inshora na iya fakewa da hakan ya ƙi biya, ku koma bin mutum ɗaya da dukiyarsa. Wannan ba zargi ba ne da za a furta a gaban kowa kafin a auna ribarsa da asararsa. Idan kuwa yayanka ma'aikacin mai jirgin ne yana bakin aiki, akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010.

Game da takardar, kada kowa ya sa hannu tukuna. Ban ji daɗin yadda aka kawo wa iyalin da ke cikin makoki takarda ba tare da an ce su nuna wa lauya ba. Galibi irin wannan takarda tana cewa kun karɓa a matsayin biya na ƙarshe, kun kuma yafe duk wata ƙara. Ana iya karɓar kuɗin idan an rubuta ƙarara cewa kafin alƙalami ne da za a cire daga abin da aka daidaita a kai daga baya. Ka kuma sani cewa zamanka ƙani bai ba ka ikon yafe haƙƙin matarsa da marayunsa ba. Za ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci a Babbar Kotun Jihar Legas, kamar yadda aka saba.

Shawarata ita ce ku nemi sulhu, amma sulhu na rubuce. Lauyanku ya rubuta wa mai jirgin ya buƙaci takardar inshorar jirgin da sunan kamfanin, domin a mafi yawan lokaci aljihun da zai biya ke nan. Ku tattara shaidar abin da mamacin ke samu da abin da yake kashewa a gida, kuɗin haya da na makarantar yara da na cefane, tunda a kan wannan ake gina lissafi. Idan kuna so a yi magana da ma'aunin diyya ta Musulunci, ana iya yi a teburin sulhu idan ɗaya ɓangaren ya yarda, amma babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati a Legas da za ta tilasta masa. Cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Legas, wadda aka kafa a 2002, tana iya zama da ku, kuma idan alƙali ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar, tana zama kamar hukuncin kotu.

Tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi, saboda haka idan aka shiga wata na goma sha takwas daga ranar haɗarin ba a daidaita ba, lauyanku ya shigar da ƙara, mai yiwuwa a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikoyi tunda lamarin sufurin sama ne, sannan a ci gaba da magana.