Uwar garkenmu tana nauyi kowace safiya, amma idan na duba ba na ganin komai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Muna da kwamfuta ɗaya mai Ubuntu, uwar garkenmu, da ke riƙe da bayanan ɗalibai da sakamakon jarrabawa, sauran kwamfutocin ofis duk daga wurinta suke ɗaukar bayani. Kusan kullum tsakanin ƙarfe takwas da tara na safe sai ta yi nauyi, shafi ɗaya ya ci kusan minti kafin ya buɗe. Kafin in iso in buga umarnin top, ta warware. Mai makaranta ya ce a ƙara RAM, wani kuma ya ce a sayi sabuwa. Muna kashe ta da yamma saboda ba mu da wuta da dare. Ta yaya zan gano abin da ke damunta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka roƙi mai makaranta ya ba ka mako guda kafin a kashe ko sisi. Matsalarka ta farko ita ce ba ka da shaida. Umarnin top yana nuna maka halin da kwamfuta take ciki a daidai lokacin da kake kallo, kai kuwa kullum bayan an watse kake isowa. Abin da kake buƙata shi ne mai gadi da zai zauna yana rubuta abin da ke faruwa ko kana nan ko ba ka nan, ka zo daga baya ka karanta.

A Linux wannan mai gadin sunansa sysstat. Tsohon kayan aiki ne, wani Bafaranshe mai suna Sébastien Godard ke kula da shi tun 1999, kyauta ne, kuma nauyin da yake ɗora wa kwamfuta bai taka kara ya karya ba. Ka buga sudo apt install sysstat. A Ubuntu saka shi kawai ba ya sa ya fara aiki, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, su dawo bayan mako su tarar babu abin da aka rubuta. Ka buɗe fayil ɗin /etc/default/sysstat, ka mayar da ENABLED zuwa "true", sannan ka buga sudo systemctl enable --now sysstat. Daga nan wata ƙaramar manhaja mai suna sadc za ta riƙa tashi duk bayan minti 10 tana ɗaukar lissafi tana zubawa a /var/log/sysstat, fayil ɗaya ga kowace rana: sa14 na ranar 14 ga wata, sa15 na 15. Ba rubutun da za ka buɗe ka karanta da ido ba ne, umarnin sar da ke zuwa tare da sysstat ne ke fassara maka shi. Kwana 7 kawai ake ajiyewa idan ba ka canja ba, don haka ka shiga /etc/sysstat/sysstat ka mayar da HISTORY zuwa 28.

Yana da kyau ka fahimci yadda ake samun lissafin, domin da shi za ka san inda zai iya yaudararka. Tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta, Linux yana ta ƙirga abubuwa a cikin /proc: tsawon lokacin da furosesa ta yi tana aiki, sau nawa aka karanta faifai, bayanai nawa suka fita ta waya. Ƙirgar hawa kawai take yi, kamar tsohuwar mitar wuta mai juyawa. Shi sadc mai karanta mita ne: ya rubuta lambar ƙarfe 8:00, ya dawo ya rubuta ta 8:10, sar ya debe wannan daga waccan ya raba da tsawon lokacin. Ke nan abin da za ka gani matsakaici ne na minti goma. Idan faifai ya shaƙe na sakan 40 sannan ya huta, a cikin matsakaicin nan zai ɓace kamar gishiri a ruwa. Tunda ka san lokacin da ciwon ke tashi, ka ƙara wani mai rubutu na kusa-kusa. Buga sudo crontab -e ka sa wannan layi:

@reboot /usr/bin/sar -o /var/log/safe.sa 5 1440 > /dev/null

Wato duk lokacin da aka kunna ta, a ɗauki lissafi kowane sakan 5 har sau 1440, awa biyu cif. Kowace rana ka kwashe fayil ɗin ka sa masa sunan ranar. Kada ka ajiye shi a /tmp, ana share wurin idan an sake kunna kwamfuta.

Kafin ka yarda da kowace lamba, duba agogo da timedatectl. Na sha ganin uwar garke da aka bari a kan UTC, wanda ke bayan agogon Najeriya da awa ɗaya, mutum ya yi ta bincike a ƙarfe takwas alhali abin da yake nema yana ƙarfe bakwai. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirin allonta ya mutu ma takan tashi da kwanan wata na bogi.

To, bayan kwana biyu ko uku sai karatu. Fara da furosesa:

sar -u -f /var/log/sysstat/sa14 -s 07:30:00 -e 09:30:00

Za ka ga layin da aka rubuta LINUX RESTART, wannan shi ne lokacin da aka kunna ta. Ƙasa da shi ka zuba ido a kan ginshiƙai uku. Idan %user ya haura sama, %idle ya kusa sifili, wata manhaja ce ke cin furosesa. Idan kuwa %user yana ƙasa amma %iowait ya tashi, furosesar zaman jira take yi, faifai ne bai kawo mata abin da ta nema ba. A irin wannan hali ko ka sayo furosesa mafi tsada a kasuwa, zaman jiran za ta ci gaba da yi.

Sai batun RAM, wanda shi ne mai makaranta ya sa a gaba. Da sar -r za ka iya ganin kbmemfree ya yi ƙasa ƙwarai, kada hankalinka ya tashi. Linux ba ya barin RAM a banza, yana cika ta da kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan, kuma yana sakinta nan take idan manhaja ta nema. Ginshiƙin da ke faɗin gaskiya shi ne kbavail. Shaidar da ta fi ƙarfi kuma tana cikin sar -W: idan pswpin/s da pswpout/s suna motsi ba ƙaƙƙautawa a lokacin nauyin, RAM ta cika har ana zuba ragowar a faifai ana kwasowa, mai makaranta ya yi gaskiya. Idan sifili ne daga farko har ƙarshe, kuɗin RAM asara ne.

Faifai kuma sar -d -p ne. Ka duba await, wato milisakan nawa buƙata ɗaya ke ɗauka kafin a biya ta, da %util. Faifai mai juyawa da ke cikin ƙoshin lafiya yakan amsa a wajen milisakan 10. Idan ka ga ɗaruruwa, %util kuma ya manne kusa da 100, ka kama ɓarawon a hannu. A kan SSD, wato faifai marar juyawa, kada ka dogara da %util sosai, domin yana iya biyan buƙatu da yawa a lokaci guda, await ya fi amfani.

Yanzu bari in gaya maka abin da nake zargi, kuma jumlarka ta kusa da ƙarshe ce ta sa ni zargin. Waɗanda suka tsara Ubuntu sun ɗauka uwar garke ba ta barci, sai suka tura ayyukan shara da gyara zuwa dare da asuba: sabunta manhajoji, juya tsofaffin fayilolin rajista, sabunta fihirisa. Da yawa daga cikin ayyukan an sa musu sharaɗin cewa idan lokacinsu ya wuce kwamfuta tana kashe, a rama su da zarar ta tashi. Sabunta manhajoji na kai-tsaye, misali, an ajiye shi ne wajen ƙarfe 6 na safe. Ku kuwa a lokacin babu wuta. Sai a tada janareta ƙarfe takwas saura, malamai su zauna shigar da maki, ita kuma kwamfutar ta fara biyan bashin daren jiya, duka a kan faifai ɗaya.

Na taɓa cin karo da irin wannan a wani ofis da ba zan ambaci sunansa ba. An riga an ƙara RAM, nauyin bai gusa ba. Rubutun kwana uku ya nuna kbavail da sauran wuri mai yawa, furosesa kusan hutu take, amma minti kaɗan bayan kunnawa sai await ya yi tsalle ya zauna can sama na wajen rabin awa. Ashe wanda ya kafa musu tsarin ya sa a riƙa kwafe dukan rumbun bayanai kullum da tsakar dare, kwafin kuma bai taɓa gudana da dare ba ko sau ɗaya. Muka mayar da shi lokacin tashi daga aiki, kafin a kashe inji. Har yau ina jin zafin kuɗin da suka kashe kafin a duba, domin ƙaramin ofis ne da ke lissafin kowace naira.

Amma zargi ne, kuma sar yana da iyaka: yana gaya maka wane sashe ne ya wahala da kuma yaushe, ba ya faɗin wace manhaja ce ta wahalar da shi. Buga systemctl list-timers ka ga lokacin da kowane aiki ya gudana na ƙarshe, ka gwada da lokacin da await ya tashi. Buga journalctl --since 07:30 --until 09:30 ka ga abin da ya fara aiki a tsakanin. Idan kana son sunan mai laifi ƙarara, ka saka atop, wanda shi ma yake rubutu duk minti 10 amma yana haɗawa da jerin manhajojin da ke aiki, ko ka sammako rana ɗaya ka bar pidstat -d 5 yana gudana a gabanka.

Idan faifai ya nuna wahala alhali babu wani aiki mai nauyi da ke gudana, wannan ya fi tayar mini da hankali. Kwamfutar da wuta ke yawan ɗaukewa tana cikin rubutu, faifanta na shan wuya. Saka smartmontools, buga sudo smartctl -a /dev/sda, ka duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. Idan ba sifili ba ne, musamman idan suna ƙaruwa, kwafe sakamakon ɗaliban nan zuwa wani wuri a ranar, kafin ka ci gaba da kowane bincike.

Mai makaranta ba zai karanta ginshiƙan lambobi ba. Umarnin sadf -g -T /var/log/sysstat/sa14 -- -u -r -d > safe.svg zai zana maka su a hoto da za ka buɗe a burauza ka nuna masa tudun ƙarfe takwas da idonsa. Ka kuma ajiye takarda a ofis, duk wanda ya ji nauyin ya rubuta ranar da lokacin, har da minti. Idan ka tara na safiya uku, turo mini sakamakon -u da -W da -d tare da abin da list-timers ya nuna, mu duba tare.