Tagar ɗakin kaji mai buɗe kanta: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi mai kiwon kajin nama a Zariya ya rubuto: "Ni ma'aikaci ne, tun da sassafe nake fita. Ina so in haɗa wa tagogin ɗakin kajina inji da taima, su buɗe da hantsi su rufe da magariba. Me zan saya?"

Ƙanena, abu ne mai yiwuwa. Ka nemi injin nan mai sandar ƙarfe da ke miƙewa ta tura taga, ta kuma janye ta rufe, mai aiki da batir na volt 12. Ka auna iya nisan da tagar ke buɗewa kafin ka je kasuwa, don sandunan tsayinsu daban-daban ne. Idan ka ga an rubuta 750N a jikinsa, ƙarfin turawarsa kusan kilo 75 ke nan, ya ishi tagar katako ko ta kwano. Ka tabbata yana tsayawa da kansa idan ya kai ƙarshe, in ba haka ba ko ya ƙone ko ya ɓalle maka hinji. Alamar IP65 kuma tana nufin ƙura ba ta shiga cikinsa, ka san halin hunturunmu. Taima ka ɗauki mai lambobi da ɗan batir a ciki. Taima mai juyawar nan da zarar an ɗauke wuta tsayawa yake, a dawo da ita ya ci gaba daga inda ya kwana, sai ka tarar ya buɗe taga da tsakar dare.

Sai dai ka riƙe wannan: taima lokaci ya sani, bai san zafi ba. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafin jikinta, kuma zafi na wuce digiri 30 take fara wahala. A watan Afirilu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Saboda haka ka ƙara na'urar auna zafi wadda za ta buɗe tagar ko lokaci bai yi ba. Da bazara ma cire injin gaba ɗaya ya fi, ka bar taga a buɗe dare da rana, ragar waya ta tsare maka muzuru da ɓera.

Wani daga Gusau yana tambaya ko injin goge gilashin mota na gwanjo zai yi. Zai yi, yana da ƙarfi kuma da sauƙin kuɗi, amma sai mai gyaran wuta ya sa masa makunnan tsayawa a ƙarshen buɗewa da rufewa, da fiyus.

Wani kuma cewa ya yi idan ya haɗa, zai iya kulle gonar ya yi tafiyar mako guda? Haba Malam! Injin ne zai zuba musu ruwa, ko shi zai ga wadda ta takure a lungu? In ba ka da mai kula, sayar da kajin ya fi maka alheri.

Wasiƙar da ta fi taɓa ni ta wata baiwar Allah ce daga Katsina. 'Yan tsaki ɗari ta saya da kuɗin adashi, ta ji ana maganar inji, hankalinta ya tashi ko rashinsa zai jawo mata asara. Hajiya, kwantar da hankalinki, kina gida ai, hannunki ya fi kowane inji. A makon farko ɗumi suke so, tsakanin digiri 32 zuwa 35, sannan ki riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. Kada dai tsoron sanyi ya sa ki toshe ko'ina. Ki bar kafa ta sama, musamman in da gawayi kike ɗumama su. In kin shiga zarni ya yi miki yaji a ido, su da ke ƙasa sun riga ki shaƙa. Kuɗin injin ki saya musu rigakafi da abinci. Allah Ya sa albarka.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai biya kuɗin inji ba ciniki, in an zo batir da wayar wuta sai ya ce a ba shi mai araha. To araha ba ta ado. Ranar da batir na jabu zai mutu ba ya sallama, kuma in ya mutu taga tana rufe, rana ta take, kafin ka taso daga aiki jarinka ya kwanta. Ƙaramin batir mai 7Ah na gaskiya yana kai kilo 2 ko ya ɗan fi. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu, komai kyan kwalin. Waya kuma ka kankare ta da wuƙa a gaban mai shago: in jan ya kau fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, zafi take yi ta karye a mahaɗa. Ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, amma kada ka tsaya nan, don masu jabu har tambari suna bugawa. Ka karɓi rasit, a gwada maka inji ya miƙe ya janye a shagon. Faifan sola ma kada a haɗa maka shi kai tsaye da batir ba tare da na'urar daidaita caji ba, dafa batirin zai yi.

Kuma duk wanda zai haɗa, ya sa mai walda ya maƙala sandar injin da ƙusa mai zarewa, yadda ko yaro ne a gida zai zare ta ya buɗe tagar da hannu. Ku gwada kayan na kwanaki kuna kusa kafin ku bar musu kaji.