Ma'anar alamar Er FF a firjin LG

Malam, ka yi tambaya a kan firjinka na LG wanda allonsa yake nuna Er FF, kuma sanyinsa ya ragu. Wannan alama tana nufin fankar ɓangaren firiza ba ta juyawa yadda ya kamata, kuma galibi ƙanƙara ce take taruwa a bayan murfin ciki har ta riƙe fankar.

Ka kwashe kayan abinci, ka zare filogi daga soket, sannan ka bar ƙofofin a buɗe na kwana ɗaya domin ƙanƙarar ta narke da kanta. Ina roƙonka kada ka sa wuƙa wajen ɓamɓare ta, domin idan ka huda bututun gas, gyaransa ya fi na fanka tsada nesa ba kusa ba. Ka duba robar bakin ƙofa ma, saboda idan ta saki, iska mai danshi tana shiga ta daskare.

Idan alamar ta dawo bayan ka kunna firjin, to sai mai gyara ya gwada injin fankar da wayoyinta. Idan kuma Er dH ta bayyana, matsalar tana wajen na'urar da take narkar da ƙanƙara.