Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan jami'ar da masu hali ke kai 'ya'yansu

Assalamu alaikum Hajiya. Tun daren jiya na ga tambayarki, inda kika ce 'yarki ta gama sakandare, dangin mahaifinta sun dage cewa gida irin naku bai kamata a ga yarinya a BUK ba, ke kuma kina son sanin abin da masu kuɗi ke dubawa idan za su zaɓa wa 'ya'yansu jami'a. Shekara 14 ke nan ina koyarwa a wata sakandare ta kuɗi a Kano, kuma wajena ake turo iyaye idan yara sun kai ajin ƙarshe. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Da wuya uba ya zauna gabana ya ce wace jami'a ce ta fi iya koyar da injiniyanci. Tambayar da na fi ji ita ce, "Malam, ina 'ya'yan su Alhaji wane suka tafi?" Mutane yake saya wa ɗansa. Wanda yaro ya kwana ɗaki ɗaya da shi shekara huɗu, shi ne gobe zai ɗaga masa waya daga ofishin minista, wataƙila ma ƙanwarsa zai aura. Kuma wannan tsohon abu ne a Arewa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ita ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Murtala da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Haka ABU ta zama bayan 1962. Abin da ke min ciwo shi ne, a wancan zamanin ɗan sarki da ɗan manomi kwano ɗaya suke ci a makaranta. Yanzu kuɗin makaranta ne ke tace wanda zai shiga.

Su ma masu kuɗin ba ɗaya suke ba. Tsofaffin gidajen kasuwa, irin na Kwari da Singa, sunan jami'a bai cika ɗaɗa su da ƙasa ba. Yaro ya karanta harkar kasuwanci a Dubai ko Malesiya, ko ma nan BUK ɗin, da yamma yana shago wajen babansa, don dukiyar da zai riƙe tana nan tana jiransa. Waɗanda suka fi damuwa da suna su ne manyan ma'aikata da 'yan siyasa da wanda kuɗi bai daɗe da zuwar masa ba. Su ne sai Ingila, kuma hoton bikin yaye ɗalibai sai ya zaga gari. 'Ya mace kuwa lissafinta daban: ko Masar ta karanta likitanci saboda ƙasar Musulmi ce, ko Baze da Nile a Abuja inda ido zai kai gare ta. Wasu kuma Yola, jami'ar da Atiku ya kafa.

Ba zan zalunce su ba, akwai dalilinsu na gaskiya. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Uban da yake so 'yarsa ta gama a kan lokaci kafin maganar aure yana da hujja.

Amma Hajiya, ga wurin da nake so ki tsaya ki duba da kyau. Mai kuɗi idan ya yi kuskuren zaɓi, yana da abin gyarawa. Na koyar da yaron da ya sauya kwas sau biyu a waje, babansa ya biya, ba wanda ya ji labari. A ajin nan kuma akwai ɗan wani ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki, wanda ya sayar da filinsa ya kai yaro Ingila saboda kada a ce ɗansa ne kaɗai ya rage. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira, dalar da take wajen 460 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin shekara ta biyu ya gagara. Yaron ya dawo ba takarda, ya sake zana JAMB tare da ƙannensa. Ranar da uban ya zo ofishina ya daɗe bai iya magana ba, kuma har yau ina zargin kaina da ban matsa masa ya lissafa shekara uku gaba ɗaya ba tun farko.

Haka da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023. Ɗalibanmu sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Masu hali sun sama wa nasu wata makarantar nan da nan, sauran suka zauna jiran tsammani. Su kuma masu son a dai ce "a waje ya yi" ko ina ne, a watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida.

Da 'yata ce, zan fara zama da ita in ji me take son karantawa, don a duk bayaninki ban ga inda aka tambaye ta ba. Idan likitanci ne, ki sani wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma ga asibitin Malam Aminu Kano, inda ɗaliban likitanci na BUK ke koyon aiki, a kusa da ke. Idan makarantar kuɗi ce a nan gida, ki tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da ainihin kwas ɗin, ba makarantar kawai ba. Idan kuma zuciyarta na waje, ta yi digirin farko a gida da sakamako mai kyau. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne, kuma akwai tallafin karatu irin na Chevening da Commonwealth da PTDF da za ta iya nema.

Maganar dangi kuwa, mahaifinta ya zauna da su cikin mutunci ya nuna musu lissafin shekara huɗu a dala. Ke kuma ki faɗa min kwas ɗin da take so da makin da ta samu a JAMB, in sha Allahu zan duba miki inda ya dace da ita.