Tambaya da Amsa: Oga ya biya mana kuɗin AI amma ba mai taɓawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke kula da ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, mun kai mu 30 a ofis ban da direbobi. Oga ya biya mana kuɗin ChatGPT, manhajar AI ɗin nan mai amsa tambaya da yin rubutu, aka ɗauko wani matashi daga Abuja ya yi mana bita, kowa ya tafa aka ci abinci aka watse, amma wlh har yau mutum biyu ne kawai suke buɗewa. Wata ƙawata ta ce in zaɓi wasu cikin ma'aikatan su riƙa koya wa sauran. Hakan zai yi kuwa? Kuma wa zan zaɓa? Daga wata Hajiya, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau, ki riƙe ta. Bita ba laifi ba ce amma shi mai bitar ya koma Abuja, ranar da ɗan sito zai maƙale da rahoto ƙarfe huɗu na yamma ba shi zai kira ba, na kusa da teburinsa zai waiwaya ya tambaya. Wannan ma an daɗe da sani tun kafin a yi kwamfutar ofis. A wani bincike da aka buga a 1943, wasu masu bincike, Ryan da Gross, sun bi manoman jihar Iowa a Amurka don su ga yadda sabon irin masara ya bazu, sai suka tarar yawanci daga bakin masu sayar da iri manoma suka fara jin labari, amma maƙwabci ne ya sa suka yarda suka shuka, kuma ko da suka yarda ɗin sai da suka fara gwadawa a ɗan ɓangaren gona. Malaman gona na nan gida ma abin da suke yi kenan da gonar gwaji a bakin hanya.

To wa za ki zaɓa, nan ne aikin yake. Don Allah kar ki yi saurin ɗaukar yaron nan da ya fi kowa iya kwamfuta, irin wanda in ka tambaye shi abu sai ya karɓe linzamin ya yi caɓ caɓ ya ce shikenan ai, ka tashi ba ka koyi komai ba sai jin kunya. Ki duba wanda tun asali mutane suke zuwa wajensa in Excel ya rikice ko firinta ta ƙi aiki, mai haƙuri, wanda ba ya yaɗa cewa wane bai iya ba. Ki samu ɗaya a kowane sashe, na akanta daban na sito daban na masu talla daban, domin akanta ba zai ji maganar ɗan talla kan lissafi ba. Ki sa mace a ciki tunda ba kowace ma'aikaciya ce za ta sake namiji ya jawo kujera ya zauna gefenta ba, kuma in da hali ki sa mutum ɗaya mai ɗan shekaru, saboda dattijon da ya yi shekara 20 yana aikin nan ba zai so sa'an ɗansa ya ga gazawarsa a gaban jama'a ba. Ɗan uwan oga kuma a bar shi gefe ko da ya iya.

Waɗanda kika zaɓa kuma kar su tara mutane su yi lacca, an riga an yi wannan. Aikin da ke gaban mutum a ranar shi za a yi. Misali ɗan sito da yake ɓata rabin ranar Alhamis yana haɗa rahoton mako daga takardun kaya, sai mai koyarwar ya zauna da shi, shi ɗan siton ne zai rubuta da hannunsa: katan nawa ya shigo, nawa ya fita, wanne ya kusa ƙarewa, a ce wa ChatGPT ya tsara shi a tebur ya rubuta gajeren bayani ga manaja, sannan su ɗauko takardun su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. In ya ga ya tashi da wuri ran nan, shi da kansa zai gaya wa na kusa da shi a wajen cin abinci. A gaya musu kuma tun farko Turancin ChatGPT ya fi Hausarsa ƙwari, wasiƙar Hausa sai an gyara sosai.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan ƙarin aiki ne, in kika ɗora wa mutum koyar da mutum 8 a kan aikinsa ba ragi ba data ba ko ɗan ihsani, sati kaɗan zai gaji. Ki ware masa ko awa biyu a mako a rubuce, oga ya sani.

Sai maganar da ba wanda zai faɗa miki a fuska. Da yawa ba rashin iyawa ya hana su ba, tsoro ne, suna ganin in abin nan ya iya rubuta wasiƙa to sakatare fa? Wannan amsar ba ta masu koyarwa ba ce, oga ne zai fito ya faɗi gaskiyar niyyarsa da bakinsa. Kuma kar ki kuskura ki riƙa tambayar masu koyarwar wa ke amfani wa ba ya yi, da zarar an ɗauke su 'yan leƙen asiri an gama, ba mai sake nuna musu abin da bai gane ba.

Ki ba su ƙa'ida biyu su riƙa nanatawa. Ba a zuba bayanan kwastomomi, lambar asusu ko albashin mutane sai kamfani ya tabbatar da tsarin da ya biya ya halatta haka, a 2023 Samsung sai da ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba sirrin kamfani a ciki, mu ma a nan akwai dokar kare bayanai ta 2023 da ke kan kamfaninku. Ta biyu, abin nan yana ƙirƙiro ƙarya ya faɗe ta da ƙarfin gwiwa, a shekarar dai wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, babu su sam. Ni da ni ne ma zan ce masu koyarwar su riƙa nunawa da gangan inda ya yi kuskure, mutane sun fi yarda da wanda ke faɗar aibin kayan.

Bayan wata biyu ki zagaya sashe sashe ki tambayi wane aiki ne ya ragu, in akwai sashen da suka ce bai amfane su ba kar ki matsa musu, wataƙila aikin nasu ne bai buƙata, sai ki gaya wa oga a rage adadin asusun da ake biya.