Daren da ba a kunna fitila ba

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya same ni tun ranar Talata bayan La'asar. Na ƙi amsa miki a tsaitsaye ne don tambayar ba ta tsaye ba ce, sai da na sake ɗauko littafin daga akwati na zauna da shi kwana biyu. Ki yi haƙuri da jinkirin.

Kin ce ranar 27 ga Janairu kin ga tsofaffin Yahudawa a talabijin suna kunna kyandir shida, ana tuna ranar da sojojin Sobiyet suka buɗe sansanin gwale-gwale na Auschwitz a 1945. Kin ce kuma a aji ana karanta muku littafin Elie Wiesel mai suna "Dare", malaminku ya ce duhun da ke cikinsa alama ce ta gushewar imani. Sai kika tambaye ni abu biyu: ina asalin wannan al'ada ta kyandir, kuma shin mutumin nan kafirta ya yi? To, a ganina tambayoyin nan biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Malaminku ya faɗi gaskiya, amma wanda bai san yadda gidan Bayahude yake karɓar dare ba, ba zai ji nauyin wannan duhun ba.

Bayahude mai riƙo da addininsa daga faɗuwar rana yake fara ƙirgen yini. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ke ma kin san in aka ce daren Juma'a, daren da ya biyo bayan Magaribar Alhamis ake nufi, kuma da an ga watan Azumi asham ake fara yi kafin a kai ga sahur. Su hujjarsu tana farkon Attaura, inda a kowace rana ta halitta maraice ake fara ambata sannan safiya. Saboda haka duk wata babbar rana tasu da dare take shigowa, kuma da fitila ake tarbarta. Ranar Juma'a, kamar minti 18 kafin rana ta faɗi, uwar gida za ta kunna kyandir biyu, ta janyo hasken zuwa fuskarta da tafukanta, ta rufe ido ta yi addu'a. Shi ke nan Asabar, ranar hutunsu, ta shigo gida. Ba za ta fita ba sai an ga taurari uku a daren gobe, a nan ma da wani kyandir mai kitso ake sallamarta. Akwai kuma masu tashi tsakar dare, su zauna a ƙasa suna karanta Zabura suna kuka saboda Haikalinsu na Ƙudus da Rumawa suka rushe a shekara ta 70. Kamar dai masu tsayuwar dare a wurinmu, a nan suke jin sun fi kusa da Ubangiji.

Wiesel a irin wannan gida ya tashi, a garin Sighet da ke ƙasar Romaniya a yau, an haife shi a 1928. Ya faɗa da bakinsa a farkon littafin cewa da rana karatun littattafan addini yake yi, da dare kuma ya ruga majami'a ya yi kuka saboda Haikali. Ki riƙe wannan da kyau. Yaron da daga baya zai sa wa littafinsa suna "Dare", dare ne lokacin da ya fi so a duniya.

Sai al'adar mutuwa, wadda ita ce asalin abin da kika gani. Idan aka binne mamaci, iyalansa suna zaman makoki na kwana bakwai a kan ƙananan kujeru, an lulluɓe duk madubin da ke gidan, kyandir yana ci ba a kashe shi har kwanakin su cika. Ɗa zai riƙa karanta wa mahaifinsa wata addu'a da ake kira Kaddish har wata goma sha ɗaya, kuma ba a karanta ta sai an sami maza goma. Abin da ya fi taɓa ni game da ita shi ne babu kalmar mutuwa ko ɗaya a cikinta, girmama sunan Allah ne daga farko har ƙarshe. Duk shekara kuma, ranar da mutum ya rasu, ana kunna masa kyandir mai cin dare da yini. Sun ɗauko wannan daga wata aya a cikin karin maganar Annabi Sulaimanu da ke littafinsu, mai cewa ran ɗan Adam fitilar Ubangiji ce. Kyandir shida da kika gani, kowane ɗaya yana tsaye ne a madadin mutum miliyan ɗaya daga cikin miliyan shida da 'yan Nazi suka kashe, waɗanda mafi yawansu ba su da kabari, ba a san ranar mutuwarsu ba, kuma sau da yawa wanda zai kunna musu kyandir ɗin ma tare aka kashe su.

Yanzu ki koma littafin da wannan a ranki.

A watan Mayu na 1944, lokacin Sighet tana hannun Hangari, aka loda Wiesel da danginsa a taragon dabbobi. Cikin ƙasa da wata biyu an kwashi Yahudawa sama da 430,000 daga Hangari, kusan duka zuwa Auschwitz. Shi yana da shekara 15. Tsakar dare jirginsu ya tsaya a Birkenau, wani ɓangare na Auschwitz, wato daidai lokacin da a gida yake zaune a majami'a yana kuka. Akwai haske a wannan daren, amma harshen wuta ne da ke fita daga bututun gidan ƙona gawa. Nan aka ce maza hagu, mata dama, bai ƙara ganin mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba. Suna tafiya a layi zuwa wani rami mai ci da wuta, sai ya ji mazan da ke kewaye da shi sun fara karanta Kaddish. Addu'ar da ɗa ke karanta wa uba bayan an binne shi, ita ce rayayyu suke karanta wa kansu. Mahaifinsa ma ya soma motsa baki da ita. A nan ne yaron ya ce ya fara jin zuciyarsa ta yi tawaye, ya tambayi kansa don me zai tsarkake wannan Suna. Amma ki duba, da ya matso bakin ramin yana zaton ajalinsa ne, sai ya ji bakinsa na karanta addu'ar ba da son ransa ba.

Daga nan al'adun suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ganyen bishiya da kaka. Daren sabuwar shekararsu dubban fursunoni suka taru a fili suna addu'a, shi ya tsaya a cikinsu kamar baƙo. Ranar babban azuminsu ta zo, ana ta gardama ko mai mutuwa da yunwa zai yi azumi. Mahaifinsa ya hana shi, shi ma ya shanye romonsa da niyyar nuna fushi, sannan ya ce ya ji wani rami ya buɗe a ƙirjinsa. Wani mutum mai yawan ibada da aka zaɓa za a kashe ya roƙe su su tara mutum goma bayan kwana uku su karanta masa Kaddish. Suka yi alkawari. Kwana ukun suka cika, duka da yunwa suka sa suka manta. Wannan wurin ya fi yi mini ciwo fiye da wurin rataye yaron nan da kowa ke kawowa a jarrabawa, domin babu wanda ya yi niyyar saɓa alkawarin.

Ƙarshen abin a Buchenwald ne, wani sansani a Jamus, bayan an koro su daga Auschwitz cikin dusar ƙanƙara a watan Janairun 1945. Mahaifinsa na kwance da atuni a gadon da ke ƙasa da nasa, yana kiran sunansa cikin dare, wani soja ya buge shi da kulki a ka. Yaron na ji, tsoro ya hana shi motsi. Da gari ya waye ranar 29 ga Janairu ya leƙo ya ga wani ne kwance a wurin. Ya rubuta cewa ba a yi addu'a a kabarinsa ba, ba a kunna masa kyandir ba, kalmarsa ta ƙarshe sunan ɗansa ce kuma bai amsa ba.

'Yata, ke ba ki riski kakanki ba. Da damina ya rasu, cikin dare, ba wuta a unguwa. Ina zaune a bakin gadonsa da fitilar ƙwai, ya kira sunana, na ce na'am, na ba shi ruwa a cokali, na riƙa maimaita masa kalmar shahada har ya cika. Kafin in gama rufe masa ido maƙwabta sun shigo da fitilunsu, zaure ya cika, wani dattijo ya zauna gefen gawar yana jan carbi har Asuba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. A lokacin gani nake hidima ce kawai mai gajiyarwa. Sai da na karanta wannan shafi na Wiesel na gane abin da aka yi mini: jama'a ce ta riƙe mini imanina a kwanakin da ni kaina ba ni da ƙarfin riƙe shi. Shi an kashe masa jama'ar, an hana shi amsa kira, an hana shi gawar. Wannan shi ne duhun. Dare ne irin wanda ya saba, amma an cire masa uwa mai kunna fitila da maza goma masu cewa amin.

Ba duk waɗanda suka tsira ne suka yi rubutu da wannan launi ba, kuma dalilin yana da amfani ga takardarki. Primo Levi, masanin haɗa sinadarai ɗan Italiya, ya yi kusan shekara a Auschwitz, amma shi tun asali ba mai ibada ba ne. Launin da ya fi yawa a rubutunsa toka-toka ne: laka, hazo, asuba mai sanyi da ake tayar da su. Ya ce sau ɗaya ya ji kamar ya yi addu'a, a zaɓen waɗanda za a kashe na watan Oktoban 1944, sai ya hana kansa don yana ganin rashin mutunci ne ya nemi Wanda bai taɓa nema ba sai da wuya ta kai wuya. Viktor Frankl kuwa, likitan ƙwaƙwalwa daga Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ba da labarin wata asuba da suke haƙa rami, ya hango an kunna fitila a wani gidan gona can nesa, ya ɗauki wannan a matsayin amsa. Wanda ya fi su zurfi a ibada tun yana yaro, shi ne darensa ya fi baƙi.

To, ya kafirta? Ni ba zan yanke wannan hukunci ba, ke ma kada ki yanke. Ki lura dai cewa duk tsawon littafin da Allah yake magana. Wanda ya tabbata babu kowa a ɗaki ba ya tsayawa bakin ƙofa yana kira. A addininsu akwai abin da suke kira ɓoyewar fuska, daga wata aya ta Attaura inda Ubangiji ya ce zai ɓoye musu fuskarsa, kuma suna da daɗaɗɗiyar al'ada ta kai ƙarar Allah wurin Allah, suna kafa hujja da Annabi Ayuba kamar yadda labarinsa ya zo a littafinsu. Wiesel ya ce ya ga wasu malamai uku a sansanin sun zauna shari'a, suka yanke hukunci a kan Ubangiji, sannan ɗayansu ya ce lokacin addu'ar maraice ya yi, suka tashi suka yi. Shi kansa ya koma ibada bayan yaƙi, kuma a 1997 ya buga wata addu'a a jaridar New York Times yana roƙon su shirya da Ubangijinsa. Mu tarbiyyarmu daban ce. In musiba ta sauka innalillahi muke cewa, ba ma ɗaga murya, kuma ba na so ki koyi wancan harshen. Amma ki tuna Suratul Duha ta sauka ne bayan wahayi ya yanke na ɗan lokaci har maƙiya suka ce an yashe Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma a cikinta aka yi rantsuwa da dare idan ya lulluɓe, kafin a ce Ubangijinka bai yashe ka ba. Wanda ya san wannan sura ya kamata ya tausaya wa yaron da ya yi kira cikin duhu bai ji amsa ba.

Kin kuma ce ƙawayenki na cewa me ya kai ki karanta wahalar Yahudawa alhali ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Zuciyata na ƙuna a kan Gaza kamar tasu. Sai dai ƙanwar Wiesel shekararta bakwai aka kashe ta a 1944, ba ta ɗauki laifin kowa ba, kuma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Ki faɗa musu haka cikin ladabi, ki ci gaba da karatunki.

Abu ɗaya da zan so ki sa a takardar: kusan shekara goma ya yi bai rubuta komai game da sansanin ba, kuma da ya rubuta da Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai, aka buga a Buenos Aires a 1956, sunan littafin yana nufin "duniya kuwa ta yi shiru". Sai a bugun Faransanci na 1958 ya koma "Dare". Kin ga ke nan shiru da duhu abu ɗaya ne a wurinsa, na mutane da na sama. Sannan ki sake karanta shafin ƙarshe kina tuna madubin da ake lulluɓewa a gidan makoki. Sojojin Amurka sun buɗe Buchenwald ranar 11 ga Afrilu, ya kwanta asibiti mako biyu, da ya iya miƙewa ya nufi madubin da ke jikin bango. Rabonsa da ganin fuskarsa tun kafin a kwashe su daga Sighet. Ba a yi wa mahaifinsa zaman bakwai ba, babu wanda ya rufe wannan madubin, ya duba ya ga gawa tana kallonsa.

In kin zo hutun Sallah ki taho da abin da kika rubuta mu karanta tare. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata maganin ƙafar ya yi mini amfani.

Kawunki.